Maganin Barcin Gwaggo Habsu

Ranakun aiki da yawa sun shige mini kamar ruwa a rariya, amma ban taɓa mantawa da Talatar da masu kwantirol, wato masu binciken tsabta, suka zo mana ba, bayan girbin gero, shekarar da na yi haihuwar fari. Ku sababbin shiga kuna yawan tambayata me ya sa nake tsare mai saye da tambayoyi kamar jandarma a bakin hanya, kafin in miƙa masa leda ɗaya ta ganye. Hajiya shugabarmu ta ce in rubuta muku labarin sau ɗaya kowa ya huta. To ga shi, yadda ya zo mini a baki.

Ga wanda bai san wurinmu ba, ƙungiyar mata ce a nan Tawa. Muna sarrafa ganyaye mu ƙulla a 'yan ledoji, mutum ya jiƙa a ruwan zafi ya sha kamar shayi. Aikin hawa-hawa ne. A ƙasa akwai masu tsinta da wanki da shanya, nan kowa ke farawa. Sama da su masu daka da tankaɗe. Sai masu awo da liƙe leda da inji. Sai ɗakin haɗi, wanda mutum ɗaya ce ke shigarsa, wato Gwaggo Habsu, tsohuwa 'yar Barmu da ta gaji sanin itatuwa wurin kakarta. A can sama kuma Hajiya shugaba, mai makullin buro, wato ofis, da hatimi.

Ni a lokacin ina wajen wanki da shanya. Zogala, geza, soɓo, na'ana'a, da sitronel, ciyawar nan mai ƙamshin lemu, duk ta hannuna suke bi. Amma abin da ake yi da su bayan sun bar tabarmata ban sani ba, ba a kuma tambaya. Gwaggo na shiga ɗakinta ta turo ƙofa. Takardun da ake liƙa wa ledojin kuwa da Faransanci aka rubuta su, ni kuma a aji huɗu muka rabu da lakkol, wato makarantar boko, rabuwar da babu wanda ya yi kukan wani.

Maigidana ya tafi biɗa, wato ci-rani, Abijan tun ina da ciki, kamar yadda mazan Adar suka saba, ya bar ni tare da uwarsa, Inna. Da na yi arba'in na koma aiki da goyona. Dokar ƙungiya ta yarda da goyo a wajen shanya, muddin ba ya hana aiki. Yaron, ɗan fari ne ba na faɗin sunansa, ba shi da wani laifi a lokacin sai irin na jarirai: ya farka, ya sha, ya kwanta, ya sake farkawa. Ni ce ban saba ba. Sai in zo aiki ido ja, in yi ta gyangyaɗi a kan bahon wanki. Wata rana Hajiya ta iske goshina ya kusa taɓa ruwa. Ta ce, "Rabi, ganyen za ki wanke ko fuskarki?"

Ni mai tsoro ce, wannan kowa ya sani. In yaron ya yi atishawa sai na taɓa maɗigarsa. Inna ta so ta riƙa ba shi bauri, jiƙon nan da ake ɗura wa jarirai, amma a likita, wato asibiti, an ja mana kunne cewa nono kaɗai za a ba shi. Na rasa wanda zan saɓa wa. Sai na tuna dabarar iyayenmu: uwa ta sha magani, ɗa ya same shi a nono. Na ce shi ke nan, ban ɗura masa ba, ban kuma bar shi haka ba. Har na yaba wa kaina hankali.

Na tsaya a ƙofar ɗakin haɗi, goyo a baya, ina hamma. Na ce, "Gwaggo, don Allah ki taimake ni da maganin barci."

Ta ɗaga haɓata ta dubi idanuna. "Wayyo ɗiyata. Ko ba ki hwaɗi ba, idonki ya hwaɗi. Tsaya nan."

Ta shiga ta fito da baƙar leda cike da ɓarɓashin haɗi, irin wanda ke saura a gindin rariya ba a sayar da shi. Ta ce, "Cokali guda da sahe, guda da azahar. Kada ki kuskura ki sha shi da dare."

Na ce a raina, lallai wannan mai ƙarfi ne. Tunda har ana tsoron a sha shi da dare, wato mutum na iya kwanciya asuba ta wuce shi. Na yi godiya har ƙasa.

Da ɗaci yake, sai yajin citta a bayansa, amma wa ya taɓa jin magani mai daɗi? Ranar farko na ji idona ya buɗe tangaran, jikina sakayau. Ban damu ba. Na ce ai ni hanya ce kawai, kayan na mai su ne, suna can suna gangarawa. Na jira yaro ya yi barci. Bai yi ba. Washegari ma haka. To abin da na taso na iske shi ne, magani in bai yi ba ƙara shi ake yi. Cokali ya koma biyu, biyu ya koma tafin hannu. Maganar dare ma na take ta, domin ai da dare na fi bukatar ya kwanta.

Da ledar ta ƙare na koma. Gwaggo ta ce, "Har kin cinye? Shina yi miki aiki kuwa?"

Na ce, "Bai kai ba tukuna, Gwaggo."

Ta riƙe baki. "Bai kai ba? Kai, wanga barci da taurin kai yake!" Na ce wallahi kuwa. Ta cika mini wata ledar, ta danna.

Abin da ya biyo baya wasu cikinku sun ji labarinsa. Na zama ma'aikaciyar da ba a taɓa yin irinta ba a wajen shanya. Kafin 'yan uwana su gama baho ɗaya na gama uku. In na rasa abin wankewa sai in share fili, in na gama in sake share shi. Hajiya ta tsai da ni gaban taro ta ce, "Ku dubi Rabi. Ga goyo, ga ƙuruciya, ga zafin nama. Ku kuwa sai kun sha hura kun miƙe ƙahwa." Ina tsaye ana yabona, hannuna na rawa, ƙirjina na bugawa kamar gangar biki. Na ɗauka tunanin maigida ne.

Shi kuwa yaron, ido biyu kamar an kafa masa tsinke. In ya rufe su, faɗuwar ganye ɗaya ta isa ta zaburar da shi. Daga nan sai kuka, irin mai tsinin nan da ke shiga haƙori. Gwaggo ce da bakinta ta raɗa masa suna. Ta leƙo ta ce, "Wanga ba jinjiri ba na, Maigadi na. Ku kai shi ƙohwar banki a sa mai albashi." Aka yi dariya, sunan ya bi shi har yau.

Ana haka sai aka aiko cewa ma'aikatan kiwon lafiya za su zo kwantirol. Ga wanda bai sani ba, su ne ke duba tsabtar wuri, da ruwan da ake wanki da shi, da abin da ake haɗawa, kafin a sabunta mana takardar izinin sayarwa. Hajiya ta kira ni buro ta rufe ƙofa.

"Rabi, aikinki ba shi da na biyu. Amma kukan ɗan nan har titi ake jin shi. Ran Talata baƙi na zuwa. In ya yi shiru suka tahi lahiya, na ɗaga ki zuwa awo. In ya tsaga muna kunne gabansu, ki zamna gida har ki yaye shi, in ba wata wurinki. Kin ji?"

Na ce na ji. Yaye kuwa ba gobe ba ne, kuma saƙon Abijan sai an manta da shi yake zuwa. Aikin nan shi ne tukunyarmu, ni da Inna da yaron.

Na gaya wa Inna. Ta bi motar kasuwa ta tafi Bambeye, ta dawo da wani ɗan ƙulli na gari mai ruwan toka daga wurin wani mai magani. Ta ce, "Ki dangwala da yatsa ki lasa mai. An ce in ya kwanta sai an tashe shi."

Sai an tashe shi. To in aka tashe shi bai tashi ba fa? Ban iya musa wa uwar miji ba, ban kuma iya jefarwa ba. Na ɗaure ƙullin a bakin zane. Safiyar Talata na jiƙa na Gwaggo ninki biyu na shanye, na ce ko Allah zai sa yau ya kai.

Baƙin su uku ne. Maza biyu masu duba ƙasa da randuna, da mace ɗaya, Madam Zainabu, mai ilimin haɗa magunguna. Duk muka sa fararen riguna muka ɗaure kai. Hajiya ta kai ni can bayan rumfar shanya, ta yi mini nuni da ido. Bayan rumfar kuwa yana jikin tagar ɗakin haɗi, wanda ran nan dole Gwaggo ta buɗe shi, tana ta ƙunƙuni.

Maigadi ya fara miƙa yana ƙananan kuka, irin na share fage. Na san abin da ke tafe. Na jijjiga, na yi waƙa, na ba shi nono, wato na ƙara masa. Da na ga bakin ya fara buɗewa, na kwance ƙullin Inna na dangwala yatsa. Yatsan na sama, garin na jikinsa, ina karanta duk addu'ar da na iya, sai na ji muryar Madam ta taga.

"Gwaggo, wannan na cikin koriyar roba fa?"

"Maganin barci na."

"To. Na jar robar fa?"

"Shi ma maganin barci na."

Madam ta ce, "Duka biyun?"

"Duka biyun. Wanga na mai biɗar barci, wanga na wanda barci ya dama. Ke ba ki jin Hausa, ɗiyata? Maganin sauro, sauro yake kawowa?"

Madam ta ce, "To maganin ƙarfi fa, Gwaggo, ƙarfi yake korewa?"

Mazan suka fashe da dariya. Gwaggo ta ce 'yan boko dai ba su da ta ido. Madam ta tambayi abin da ke cikin jar robar. Gwaggo ta ce garin goro ne, da ganyen shayi, da citta, da kanumfari. Masu sayensa direbobin hanyar Agadas, da 'yan lakkol in jarrabawa ta matso, da masu gadi.

Da masu gadi. Na dubi ɗana. Na dubi yatsana. Na goge shi a zane.

Ban san lokacin da na zagayo ba. Sai ga ni a ƙofar ɗakin haɗi gaban baƙi, yaro ya saki murya gaba ɗaya, Hajiya na kallona kamar ta haɗiye ni. Na ce, "Gwaggo, wanne kika ba ni?"

"Na ja mana. Ba ke ce kike hwaɗawa cikin baho ba?"

"Na yaro nake nema, Gwaggo. In sha ya samu a nono, ya yi barci."

Gwaggo ta dafe ƙirji ta yi salati ta zauna a kan turmi.

Madam ba ta yi dariya ba, Allah Ya saka mata. Ta zaunar da ni, ta riƙe wuyan hannuna tana duban agogo. Ta ce nawa nake sha? Na nuna mata da tafin hannu. Ta ce sau nawa a yini? Na ce duk lokacin da ya yi kuka. Ɗaya cikin mazan ya juya ya kama duban bango.

A nan ta yi mana bayanin da nake so ku riƙe. Ta ce tun daga lokacin da mutum ya farka, akwai wani sinadari da ke taruwa a ƙwaƙwalwa kaɗan-kaɗan. Yana da wuraren zamansa, in ya zauna ya cika su sai mutum ya ji barci. Abin da ke cikin goro da ganyen shayi, kafeyin sunansa, ya yi kama da shi, sai ya riga shi hawa kujerun, amma ba ya yin aikinsa. Ta ce, "Kin san 'yan kamasho da ke shiga mota a tasha su zauna don a ga kamar ta cika? Ba tafiya za su yi ba, sun dai tare wuri. Fasinjan gaske, wato gajiyarki, yana tsaye a waje da kayansa, kullum ƙaruwa yake. Ran da suka sauka, gaba ɗaya za a rufto miki."

Ta ce dabarar iyayenmu ba ƙarya ba ce, abin da uwa ta sha wani abu nasa na shiga nono. Na goro da shayi kaɗan ne ke shiga, shi ya sa kofi guda ba ya yin komai ga yawancin yara. Amma ni ba kofi nake sha ba, baho nake sha. Kuma hantar babba na wanke shi cikin 'yan sa'o'i, ta jariri kuwa ba ta ƙware ba, sai ya daɗe a jikinsa, na yau ya iske na jiya.

Sai ta ga tokar da na goge a zane. "Wannan fa?"

Na miƙa mata ƙullin. Ta shinshina, ta murza, ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, da ido ba a gane abin da ke cikin gari. Yana iya zama saiwa marar lahani, yana iya zama an daka ƙwayar asibiti a ciki, yana iya zama da zaƙami. Ta ce akwai itatuwan da ke danna wa ƙwaƙwalwa birki, akwai masu hargitsa ta, kuma abin da zai sa jariri barcin da sai an tashe shi yana iya taɓa numfashinsa. "Kuna cewa ai ganye ne. Zaƙami ma ganye ne, ba a banza ake ce masa haukata-yaro ba." Ta ɗaure ƙullin ta sa a jakarta.

Hajiya, da ta ga takardar izini na lilo, ta matso da koriyar roba ta ce to a ba ni wannan mana, a gyara ɓarna. Madam ta ce a'a, mai shayarwa ta bar shaye-shayen haɗi sai ta tambaya a likita. Ta ƙara da cewa shi na koriyar, sitronel da na'ana'a, mai sanyi ne, masu bincike ma ba su gama tabbatar da ƙarfinsa a kan barci ba. Wataƙila rabin aikin na ruwan ɗumi ne da zaman da mutum ke yi ya sha shi a natse. A sayar, amma kada a yi wa mutane rantsuwa a kansa. Na jar robar kuwa, wannan babu mai musun aikinsa.

Hajiya dai 'yar kasuwa ce tun daga haihuwa. Ta nuna Maigadi, wanda har lokacin bai ja numfashi ba, ta ce, "Kun dai gani da idonku, Madam. Kayanmu ba na ƙarya ba na."

An ba mu takardar, bisa sharaɗi biyu: kowane haɗi ya sami sunansa na Hausa daban a jikin leda, kuma a rubuta gargaɗi ga mai ciki da mai shayarwa. Daga ran nan aka sami Kawo da Kora da kuke sayarwa yanzu. Maganar zamana gida kuwa ba a sake tayar da ita ba. Da wane baki? Kukan da za a kore ni saboda shi, daga ɗakin haɗinmu ya fito.

Na kai yaron likita kamar yadda Madam ta ce, aka duba ba a sami wani ciwo ba. Na riƙa rage shan abin sannu a hankali, duk da haka sai da kaina ya yi kamar ana sara shi da gatari. Kafin mako ya zagayo Maigadi ya fara ajiye aiki. Ranar da ya yi barcin rana na farko mai tsawo, tsoro ya kama ni, na yi ta kai yatsa hancinsa har sai da na tashe shi. Fasinjojin da Madam ta faɗa kuma suka rufto. Aka iske ni kwance a kan buhun zogala, baki buɗe. Hajiya ta tsaya a kaina ta ce, "Wai ina Rabinmu ta da, mai zafin nama?" Gwaggo ta ce daga ɗaki, "Tana cikin jar roba." Awon da aka yi mini alkawari sai da damina ta wuce na gan shi.

Inna kuwa har gobe tana gaya wa mata cewa garin Bambeye ne ya yi aiki. Ta ce ƙarfinsa ya kai ko a bakin zane aka ɗaure shi ya isa. Ban taɓa gyara mata ba.

Da yammacin Talatar nan, bayan baƙi sun tafi, Gwaggo ta iske ni ina kwashe shanya. Ta karɓi yaron, abin da ba ta taɓa yi ba, tana jijjiga shi yana tsala mata ihu a kunne. Can ta ce, "Shekarata nawa ina wanga aiki. Idonki na duba, ɗiyata. Ban dubi bayanki ba."

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Ganyen bai yi ƙarya ba, Gwaggo ba ta yi ba, ni ma ban yi ba. Hausa ɗaya muka yi, kowa ya ji tasa. Saboda haka in mutum ya tsaya gabanku ya ce a ba shi maganin barci, kada kunya ta hana ku. Ku ce, na kawowa ko na korewa? Ku ce, wa zai sha? In mace ce, ko ta amsa muku duka biyun, ku ɗan karkata ku leƙa bayanta kafin ku miƙa leda.

Maigadi yanzu ya shiga lakkol ɗin yara. Kowace safiya sai na yayyafa masa ruwa yake tashi.